Kwana Biyu Ina Tura Keken Baba Ishaya

Tun ranar da wani ya ɗauke ni hoto a Kwangila ina tura keke cikin yayyafi, ya saka a gurup ɗinmu na 'yan aji, ban huta da tambaya ba. Wasu sun ce fashi aka yi mini, wasu sun ce na ajiye digiri na kama gyaran keke. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a bakin coci, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya kowa ya karanta. Abin da na gani zan faɗa. Inda ban tabbata ba, zan ce ban tabbata ba.

Keken dai ba nawa ba ne. Na Baba Ishaya ne, mahaifin Rahila, wadda yawancinku kun san muna maganar aure da ita. Tsohon hedimasta ne, ba ya yawan magana, kuma Rahila ta sha gaya mini ba ya ganin girman mai takardar da hannunsa bai iya komai ba. Ɗansa na Legas ne ya aiko masa keken, gwanjo ne na ƙasar waje, marar nauyi, da hannu ɗaya ake ɗaga shi. Da shi yake zuwa gonarsa ta bayan Bomo, da shi yake zuwa sujada.

An sa ranar Asabar kawunnaina za su je gaisuwa gidansu. Baba bai ce ya ba ni ba, cewa ya yi su zo ya gan su. Ran Litinin ɗin makon na je gaishe shi, na same shi a baranda, baƙar lemar nan da ba ya rabuwa da ita tana jingine kusa da shi, wadda in ya buɗe gefe ɗaya ke langaɓewa kamar fiffiken kaza.

"Ayuba, injiniya aka ce ka karanta ko?"

"I, Baba. Ɓangaren injinan noma."

"To, keke ma inji ne. Birkin baya ya daina kamawa. Ka duba mini, in same shi kafin Asabar."

Da na ɗaga keken sai na ji wani abu na kwaramniya a cikin ƙarfensa. Na kuma lura madannin giya na hagu ba waya a jikinsa sam. Na tambaya a hankali. Ya ce, "Haka ya zo." Na ce to.

Ga inda na yi kuskure, kuma ba na so in ɗora wa kowa. A gidanmu ba a zuwa kasuwa sayen kayan gyara ba tare da samfur ba. Mahaifiyata ko kwalbar fitila za ta saya sai ta naɗe fasasshiyar a tsumma ta tafi da ita, don kada a ba ta wadda ba ta dace ba. Da wannan tarbiyya na tashi. Kekunan da muka sani wayoyinsu a fili suke, a ɗaure jikin ƙarfe. Na Baba kuwa wayar birki da ta giya suna shiga wani ɗan rami kusa da wuyan keken, su bi ta cikin ƙarfen, su fito ta wani ramin can ƙasa kusa da feda. Ran Talata na shimfiɗa jarida, na ɗauki hoton kowane noti kafin in kwance shi, na jera su bi da bi. Wayar birki ta tsitstsinke. Ta giyar baya ma ta fara tsatsa, na ce gara in canza duka kada a ce na yi rabin aiki. Na zare su gaba ɗaya har da robar da suke ciki, na naɗe su tsaf a leda, ina jin daɗin kaina.

Da yamma na ce bari in gwada mayar da ɗaya don in ga hanyarta. Ta shiga kamar kamu biyu ta tsaya. Na juya, na tura, na girgiza, ba ta ko leƙo ramin ƙasa ba.

Ran Laraba na kai wa Sale, mai gyaran keke na bakin kasuwar Samaru. Ya leƙa ramin sama, ya leƙa na ƙasa, sannan ya dube ni.

"Wa ya zare?"

"Ni ne."

"Duka? Ba ka bar ko ɗaya ba?"

"Samfur na ɗauka."

"Injiniya ke nan!" Ya juya wajen masu zama a bencinsa. "Ku zo ku ga aikin jami'a."

Ban ji haushi sosai ba, don ya yi ƙoƙari. Ya fi awa yana zura waya, yana karkata keken, har ya yi gumi. A ƙarshe ya ce, "Mu kekenmu hanjinsa a waje yake. Wannan mai ɓoye ciki sai Sabon Gari. Ka nemi Malam Tanimu a bayan PZ. In shi ma ya kasa, ka ɗaure wayar ta waje da roba ka ba tsohon haƙuri."

Ɗaure waya ta waje a keken da ɗansa ya aiko masa, kwana ɗaya kafin kawunnaina su durƙusa a gabansa. Ban iya cin abincin kirki ba ranar.

Ran Alhamis da safe na kama hanya. Na san wasu za su ce don me ban hau ba tunda birkin gaba na aiki. Na yi wannan tunanin. Amma ba waya a giya, sarƙa ta koma kan mafi tauri, ga titi jiƙe, ga manyan motoci, kuma keken amana ne. Bas uku suka ƙi ɗaukata. Kwandasta na huɗu ya ce, "Oga, kai za ka hau shi ko shi zai hau ka? Ku zaɓi ɗaya." Daga baya na sami mai Keke Napep da ya yarda ya ɗaure shi a sama. Na cire rigata ta sama na shimfiɗa a ƙarƙashinsa don kada fenti ya goge, na yi tafiyar hannuna ɗaya a waje ina riƙe da taya. Wata mata da ke gefena da kwandon tumatir ta tambaye ni ko na sata ne nake tsoron ya gudu.

A Kwangila ya tsaya ya fara kwance igiya. Na ce ai PZ muka yi da shi. Ya ce shi iyakarsa nan, daga nan wasu ne ke da layi, in ya wuce da kaya a sama sai ya yini yana bayani. Ban san ko haka dokar take ba, ko kuwa gajiya ya yi da ni, don na sa shi tsayawa sau biyu in duba igiyar. Na taɓa jin masu zuwa ƙasashen waje suna ba da labarin kan iyaka, to wannan ce tawa. Masu layin can ɗin suka kewaye keken, wannan ya latsa taya, wannan ya ɗaga shi ya ce ba ƙarfe ba ne, gwangwani ne. Ba wanda ya yarda ya ɗauka. Yayyafi ya sauko, na sa ledar samfur a cikin singileti, na fara turawa. A nan ne aka ɗauki hoton. Wanda ya ɗauka bai tsaya ya gaishe ni ba, amma ba komai.

Tura keke mai kyau a titin Zariya wani abu ne da ban ba kowa shawara ba. In tsoho ne ba mai kallonka. Wannan kuwa kowa sai ya ce wani abu. Wani ɗan acaba ya rage gudu ya ce, "Malam, mai ne ya ƙare?" Wani mai rake ya ce in ba zan hau ba in ba shi aro. Tun ina murmushi har na daina.

Ba wai ban san Sabon Gari ba ne, amma ban taɓa shigarta da matsala a hannu ba. A Samaru in ka shiga shago mai shagon na iya ci gaba da kallon wayarsa har ka gama dube-dubenka, in babu abin ya ce babu. A PZ kafin in buɗe baki mutum uku sun riƙe keken, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ke sayar da abin da nake nema, alhali ban faɗi abin ba tukuna. Kuma na lura ba a cewa babu. Sai a ce ka zauna, mai shago ya fita ta baya, ka yi ta jira, ya dawo da wani abu daban ya ce ya ma fi wanda kake so. Hausa, Turancin buroka da wasu harsunan duk a jimla ɗaya. Wani mai kayan keke da ake kira Oga Sunday, wanda Hausarsa ta fi tawa gudu, shi ya sayar mini da sabbin wayoyi da robarsu. Na fito da samfurina ina alfahari. Ko buɗe ledar bai yi ba.

"Waya ai waya ce, ɗan'uwana. Doguwa ake saye a yanke. Wa ya ce ka ciro?"

Ashe samfurin ma ba a bukatarsa.

Malam Tanimu dattijo ne mai farin gemu, rumfarsa na jikin wani tsohon gini, kusa da mai faci da injin iskarsa. Bai yi mini dariya ba, wannan kaɗai ya sa na ji kamar in rungume shi. Ya ce ya taɓa gyara irinsa sau biyu, amma duka biyun da tsohuwar waya a ciki, ita ake bi. Ya lanƙwasa bakin wata siririyar waya ya zura ta ƙasa yana laluben wadda nake turawa daga sama. Ya ce yana jin suna haɗuwa, amma akwai abin da ke tare hanya. Muka yi ta yi har aka kira azahar, ya tafi salla ya bar ni da rumfa. Na ci teba da miyar agushi a wajen wata mata a gefe, barkonon ya sa ni hawaye, ta ƙaro mini ruwa tana cewa 'yan Samaru ba su da baki. Ban san yadda ta gane ba. Bayan la'asar Malam ya ajiye waya ya ce idonsa ya gaji.

"Ka dawo gobe da sassafe. Amma ka sani, sha biyu nake rufewa, Juma'a ce."

Komawa Samaru da keken ba zai yiwu ba, barinsa a rumfa kuma zuciyata ba ta ba ni ba. Sai na tuna da Gwaggo Laraba, ƙanwar mahaifina, tela ce a Dogarawa, na fi shekara ban je gaishe ta ba. Na sake turawa. A hanya Rahila ta kira ta ce Baba ya tambaya sau biyu. Na ce mata ana kan aiki. Ba ƙarya ba ce, amma ba duka gaskiyar ba ce.

Gwaggo na kan keken ɗinki na yi sallama. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Yau wace rana? Ko sai da aure ya taso aka tuna akwai gwaggo a Dogarawa?"

Na durƙusa na ba da haƙuri. Ta ce in tashi, laka ta ishe ta a shago. Ta zubo mini faten tsaki da yakuwa mai zafi, irin wanda kakarmu ke yi, na ci kwano biyu. Sai da na gama ta ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na yi mata bayani dalla-dalla, har ina zana ramukan a bayan kwali. Ta katse ni.

"Kai, tsaya. Mazagi ka zare daga wando ke nan."

"Gwaggo, ba daidai ba ne, don shi wannan..."

"Daidai ne. Wa ya taɓa zare tsohon mazagi bai ɗaura sabo a wutsiyarsa ba? Shekara biyar kana jami'a ba a koya muku wannan ba?"

"Ba a koya mana ba."

"To, in ya riga ya fita ba a tura shi, ja ake yi. Abu marar nauyi ake fara aikawa ya wuce, shi ya jawo babban."

Ta yanko mini zaren kitso baƙi mai ƙarfi, ta ɗaura ɗan ƙullin auduga a bakinsa, ta ce in nemi abin da zai hura shi. Na tuna da injin mai faci. A shagon na kwana, a kan benci tsakanin keken ɗinki da keken Baba, na tashi wuyana ya ƙage. Kafin in fita ta ce, "In ka koma ka gaya wa surukinka abin da ka yi da bakinka. Kada ka bari Sale ya riga ka." Ta kuma ce kada a kuskura a kai ɗinkin biki wani wuri.

Malam Tanimu ya saurare ni, ya juya zaren a hannu, ya ce, "Tela ce ta ce? To, a gwada." Mai faci ya ta da inji. Muka zura audugar ta ramin sama, ya sa bakin tiyo ya hura. Zaren ya ruga ciki da gudu har ya ƙone mini yatsa, sannan ya tsaya cak. Ba abin da ya fito ta ƙasa. Muka jawo, ya dawo a cukurkuɗe. Sau uku haka. Na dubi agogo, goma ta wuce.

Malam ya ɗaga keken ya girgiza kusa da kunnensa. "Wannan ƙarar fa, tun yaushe?"

"An ce haka ya zo."

"Ba keken da ake ƙerawa da ƙara."

Ya ce sai an cire gaban keken gaba ɗaya. Na tsaya ina tunanin abin da zai iya lalacewa, har ya ce, "Malam, in bari ne?" Na ce ya cire. Ya kwance, ya kifa keken kansa ƙasa, ya bubbuga da tafin hannu, ya sa ɗan ƙugiya ya laluba. Sai ga wani siririn baƙin ƙarfe ya zamo, tsawonsa ya kusa kamu biyu, an lanƙwasa bakinsa kamar ƙugiya, guntun zarenmu a naɗe a jikinsa.

Mai faci ya ɗauka ya duba. "Wannan ai ƙarfen lema ne."

"Wani ya riga ka shiga nan," in ji Malam. "Shi ma ya zare, ya nemi kamowa, ƙugiyar ta kuɓuce masa."

Na karɓi ƙarfen na sa a ledar samfur.

Hurawa ta gaba audugar ta faɗo ta ramin ƙasa kamar ba ita ba. Muka ɗaura waya a zaren, muka naɗe mahaɗin da salatif, Malam na ja a hankali ni ina turawa. Da bakin wayar ya leƙo mai faci ya yi kabbara, ni ma na ce mun gode Allah da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. Muka wuce da ta birki, muka wuce da ta giyar baya. Na roƙi Malam ya sa ta uku, ta madannin hagun da ba shi da waya. Na kuma bar zare ɗaya a ciki, na manne bakinsa biyu da salatif, saboda wanda zai zo bayana. Sha biyu saura kaɗan ya ɗaure noti na ƙarshe, ya wanke hannu ya ɗauki dardumarsa.

Komawa a kan keken na yi, a gefen titi can, ina gwada birki duk bayan 'yan mintoci. A Kwangila masu layin jiya suka yi mini tafi. Duk hanya abu ɗaya nake juyawa: in faɗi nawa laifin dai dole ne, amma ƙarfen fa? In na nuna, kamar na tona dattijo. In na jefar, na ɓoye wa mai abu abin da aka samu a cikin abinsa. Har na iso Samaru ban yanke ba.

Baba na baranda, lema na jingine a inda take. Na gaishe shi, ban jira ya tambaya ba na faɗi komai: yadda na zare, yadda na kasa, Sale, PZ, Gwaggo da zarenta. Na ce aikin na Malam Tanimu ne da tela, nawa ɓarna ce da turawa. Ya hau ya zaga tsakar gida, ya kama birki, ya danna madannin hagu, sarƙa ta hau da ɗan ƙas. Ya tsaya. Ya sauka ya ɗaga keken ya girgiza.

"Ƙarar fa?"

Na buɗe leda na miƙa masa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ni kuma na kafa ido a ƙasa don kada in kalli lemar. Daga kicin Mama, matarsa, ta ɗaga murya ta ce, "Me aka samu a ciki?"

"Tsatsa ce," in ji Baba, ya zura ƙarfen a hannun rigarsa. Sannan ya rage murya. "Kai ma samfur ka ɗauka?"

"I, Baba."

"Kwana nawa kana fama?"

"Huɗu."

"Ni mako uku na yi, sannan na haƙura." Ya jingine keken. "Ka gaya wa kawunnanka ƙarfe goma. Kada su makara, ina da gona da yamma."

Da ƙafa na koma gida, don ba ni da haƙurin tsayawa jiran mota. Ran Asabar ban iya durƙusawa da kyau ba saboda cinyoyina, Kawu Bitrus ya yi ta harara ta. An dai karɓi gaisuwa, an sa ranar magana ta gaba.

Kafin in rubuta wannan sai da na je na nemi izinin Baba, don ban ga ya dace in saka sirrinsa a gurup ba. Ya ce in rubuta, ba sauran sirri. Ashe lemar ta Mama ce, ta zumuntar matan coci. Tun ranar da ya cire mata ƙarfe ya karɓe ta ya riƙa yawo da ita, wai don kada ta buɗe ta gani. Mama ta ce a ranar ta gani, shekara biyu tana jira ya faɗa da bakinsa. Yanzu ta ce tunda an sami injiniya a gida, a mayar mata da ƙarfen lemarta. Lemar tana ɗakina yau kwana shida. Na ɗauki hotonta ta kowane gefe, amma ban taɓa ko ɗaya daga cikin sauran ƙarafan ba tukuna. Ran Asabar zan kai wa Gwaggo ta fara dubawa.